Filin Tambaya da Amsa: Rilaksa da Raguwar Gashi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya tare da iyali. Ni matar aure ce mai shekara 34, ina zaune a unguwar Hindawiyya a Jidda. Tun ina 'yar shekara 15 nake sa rilaksa, wato man miƙar da gashi, kuma a 'yan shekarun nan kusan duk bayan sati biyar nake zuwa mashgal, wato shagon gyaran gashin mata, a sake shafa min, domin da zarar sabon gashi ya tsiro sai ƙasan ya yi tauri, mataji ya ƙi shiga. Idan an gama kuma nakan sa a yi min ƙananan kitso don in huta da taza. Wata biyar ke nan da haihuwata, kuma yanzu gashin yana zuba har yana ba ni tsoro. Gefen goshina ya ja baya, tsakar kaina kuma ana ganin fata, wani lokaci wurin yana yi min ƙaiƙayi da ɗan zafi. Mai gyaran ta ce ruwan Jidda ne, wata maƙwabciyata 'yar Sudan kuma ta ba ni man karkar. Don Allah mene ne mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya raya abin da aka samu, Ya ba ki lafiyar shayarwa. Na karanta wasiƙarki fiye da sau ɗaya, kuma abin da na fahimta shi ne matsaloli uku ne suka haɗe miki a kai guda, alhali kowacce da sanadinta. Biyu daga ciki suna gyaruwa idan an yi haƙuri, ta ukun ce ba ta jira, don haka ki bi ni a hankali har mu kai gare ta.

Bari mu fara da man kansa, domin mata da yawa suna shafa shi shekara da shekaru ba tare da an taɓa gaya musu abin da ke cikin robar ba. Silin gashi an gina shi ne da wani furotin mai suna keratin, kuma abin da ya ba gashinmu ƙarfinsa da murɗewarsa shi ne wasu ƙulle-ƙulle na sinadarin farar wuta da suke ɗaure zaruruwan furotin ɗin da juna. Aikin rilaksa shi ne ya tsinke waɗannan ƙulle-ƙulle domin silin ya miƙe. Nau'in da aka fi amfani da shi a wuraren gyaran gashi, ƙarfinsa daga sodiyam haidiroksaid yake, wato sodar nan da iyayenmu mata suke haɗa sabulu da ita a gida, wadda sai sun kori yara daga tsakar gida kafin su jiƙa ta. A ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami da kaifin soda, wanda ya tsaya a kan 14, gashi da fatar kai suna tsakanin 4.5 da 5.5 ne, shi kuwa rilaksa yana kaiwa 12 zuwa 14. Wanda ake sayarwa a kwali, mai 'yar kwalbar ruwa da ake juyewa a cikin man a gauraya, wanda aka rubuta masa cewa babu soda a ciki, shi ma ɗan gidansu ne. Ya ɗan fi sauƙi a kan fata, amma yana barin sinadarin kalsiyam a jikin gashi, shi ya sa mai yawan amfani da shi take jin kanta ya bushe kamar tsintsiya.

Abin da nake so ki riƙe a nan shi ne ƙullin da ya tsinke ba ya komawa yadda yake. Gashin da aka miƙar ya miƙe ke nan har ranar da za a yanke shi, ba ya bukatar a sake masa, sabon tsiro kaɗai ke bukata. To gashin mutum kusan santimita ɗaya yake ƙaruwa a wata. Ke da kike komawa duk sati biyar, sabon tsironki bai wuce faɗin farce ba, kuma babu hannun da zai iya shafa mai a wannan ɗan wuri bai taɓa tsohon gashi ba, komai ƙwarewar mai shi. Wato shekara da shekaru ana maimaita soda a kan silin da ya riga ya raunana. Wannan ne ya sa likitocin fata suke cewa a bar sati 8 zuwa 12 tsakanin shafawa da shafawa.

Yanzu ga wani gwaji da za ki yi da kanki yau da daddare. Ki shimfiɗa farin ƙyalle a cinyarki, ki taje kanki a hankali, sannan ki ɗauki abin da ya faɗo ki duba a ƙarƙashin fitila. Silin da yake dogo, mai ɗan farin ɗigo a baki ɗaya kamar ƙwayar acca, daga tushe ya fito, wannan shi ne zubewa. Gutsattsarin da suke gajeru, babu ɗigon komai a bakinsu, a tsakiya suka tsinke, wannan shi ne karyewa, kuma shi ne aikin rilaksa da zafin sishwar, wato na'urar busar da gashi. Ina kyautata zaton za ki ga duka biyun.

Dogayen masu ɗigo, mafi yawansu na jego ne. Ko lafiyayyen kai yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana. Lokacin ciki, sinadaran jiki suna riƙe gashin da ya kamata ya zube, shi ya sa mai ciki takan ga kanta ya cika. Bayan haihuwa da wata biyu zuwa huɗu sai duk wanda aka riƙe ya sauka kusan lokaci guda. Yana tayar da hankali a ido, amma tushen yana nan da ransa, kuma yawancin mata kafin yaro ya cika shekara kansu ya fara komawa. Duk da haka ki sa a gwada miki jini a duba sinadarin ƙarfe, da aikin tayirod, wato ƙwayar wuyan nan da kumburinta ake kira maƙoƙo, da kuma bitamin D, wanda mata da yawa a ƙasar nan suke da ƙarancinsa duk da ranar da muke da ita, saboda zaman cikin gida. Ƙarancin jini bayan haihuwa yana tsawaita zubewar.

Gefen goshi kuma maganar ja ce. Farfesa Nonhlanhla Khumalo, likitar fata a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, ita da abokan aikinta sun bincika kawunan mata da 'yan makaranta, suka gano cewa haɗarin cinyewar goshi ya fi yawa ne idan aka yi kitso mai ja a kan gashin da aka sa wa rilaksa. Abin da kika bayyana ke nan daidai. Duk kitson da zai hana ki barci a daren farko, ko ya sa ki ji zafi idan kin kai goshi ƙasa a sujada, ko ya fito miki da ƙananan ƙuraje a bin layin goshi, to ya yi tsauri, a tsefe shi ko da yau aka yi. Ki kula kuma da yadda kike tufke gashi a ƙeya a ƙarƙashin ɗarha, wato mayafi, da 'yar hular ciki mai roba da take gugar wuri guda tun safe har dare. Idan aka sassauta da wuri gashin yana dawowa, idan kuma aka ci gaba shekara da shekaru tushen yana mutuwa.

Na zo kan ta ukun, wadda ita ce ta fi damuna. Raguwar gashi a tsakar kai tare da ƙaiƙayi ko zafi tana iya zama alamar wata cuta da ta fi kama mata baƙar fata, wadda likitoci suke taƙaita sunanta da CCCA. Tana farawa daga tsakiyar kai tana faɗaɗa a kewaye, kumburi ne a can cikin fata da yake cinye tushen gashi ya bar tabo a madadinsa, har wurin ya koma sumul yana sheƙi. An fara bayyana ta a Amurka a 1968, a lokacin an ɗora laifin a kan matajin ƙarfe da ake ɗorawa a wuta, sannan a 2019 aka gano cewa wasu masu ita suna da sauyi a wata ƙwayar gado mai suna PADI3, wato akwai hannun gado a ciki. Saboda haka ki duba kan mahaifiyarki da na yayyenki. Ba na yanke miki hukunci daga wasiƙa, domin akwai wasu cututtukan da suke kama da ita, amma wannan ba wurin gwajin mayuka ba ne. Ki je wurin likitan fata a cikin watan nan, ki gaya masa kina shayarwa. Zai duba da madubin ƙara girma, wataƙila ya ɗauki ɗan ƙaramin yanki na fata a gwada, kuma akwai magungunan shafawa da allura da na sha da suke kwantar da kumburin. Maganin yana tsare abin da ya rage ne, inda tabo ya riga ya zauna gashi ba ya sake fitowa. Kada kuma ki sayi minoksidil, maganin tsirar da gashi, a kantin magani da kanki alhali kina shayarwa.

Maganar ruwan Jidda kuwa, gaskiya ne mafi yawansa daga teku ake tace shi, kuma canjin ruwa yana iya sa gashi ya yi kaushi. Amma ruwa ba ya zaɓar goshi da tsakar kai ya bar sauran wurare, kuma da shi maigidanki da 'ya'yanki suke wanka. Man karkar, wanda 'yan'uwanmu na Sudan suke haɗawa da man riɗi da kitse da kakin zuma, yana da amfani wajen tausasa sili da rage karyewa, ki gode wa maƙwabciyarki ki riƙa shafa shi a jikin gashin da bakinsa. Sai dai ba ya tsirar da gashi a inda tushe ya mutu, kuma kada ki cika shi a fatar da take ƙaiƙayi.

Ki ajiye rilaksa gaba ɗaya har sai likita ya ga kan nan. Idan ya ba ki izini nan gaba kuma kina so ki koma, to kada ki tsefe kitso ko ki sosa kai ko ki wanke shi a kwana ukun da suka gabaci shafawa. A shafe fatar kai da goshi da kunnuwa da basilin, a shafe tsohon gashi da mai ko kwandishana don ya kare shi, a sa man a sabon tsiro kaɗai, a kuma duba agogo bisa mintocin da aka rubuta a jikin robar. Na taɓa zama a wani mashgal kusa da wata baiwar Allah tana fifita kanta da guntun kwali, hawaye na zubo mata, mai gyaran tana cewa ta daure, yanzu ne yake kamawa. Abin ya tsaya min a rai har yau, domin wannan zafin ƙuna ce, kuma ita ce take zama ɓawon da mace take ji ya manne da ɗankwali washegari. Da kin ji zafi a wanke nan take. A ɗauraye da ruwa mai yawa, sannan a wanke da shamfu na musamman mai kashe kaifin sodar fiye da sau ɗaya. Wasunsu kumfarsu takan yi ruwan hoda muddin da sauran mai, sai ta koma fara sannan a tsaya. Kitso kuma sai bayan sati biyu, shi ma manya, sassauƙa.

A kullum kuwa, gashin da aka miƙar danshi yake nema, balle mu da muke wuni a ƙarƙashin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Wanki da shamfu sau ɗaya a mako ya isa, a bi shi da kwandishana, a taje da mataji mai manyan haƙora daga baki zuwa tushe. Na san matan aure da yawa suna sa sabulu a kai duk lokacin wankan tsarki, alhali abin da ake bukata shi ne ruwa ya kai tushen gashi, kuma ya tabbata a hadisin Ummu Salama, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa ba sai mace ta warware kitsonta don wankan janaba ba. Ki dai bar shi ya bushe kafin ki tufke ki rufe, ki kuma kwana da ɗankwali mai santsi, domin auduga tana shanye man kai.

TAMBAYA: Hajiya, ina gaisuwa. Daga Makka nake rubutowa. 'Yata shekararta 7, gashinta cike yake kuma da tauri, kullum da safe sai an yi kuka kafin a tafi makaranta, ga shi ta fara cewa tana son nata ya kwanta kamar na 'yan ajinsu. Na ga rilaksa na yara a kanti mai hoton yarinya a kwalin. Zan iya sa mata?

AMSA: Ina amsawa 'yar'uwa, kuma ina roƙonki da ki bar shi a kantin. Na yara da na manya sinadarinsu dangi ɗaya ne, bambancin bai taka kara ya karya ba. Fatar yarinya ta fi taki laushi, ba za ta iya bambanta ƙaiƙayi da ƙuna ba balle ta gaya miki a kan lokaci, kuma ɗigo ɗaya idan ya shiga ido yana iya yi masa mummunar illa. Sannan ranar da kika fara kin ɗora mata hidimar da za a riƙa maimaitawa duk wata biyu ko uku, tun ba ta san me ake ciki ba. Ki dubi wasiƙar da ke sama, mai ita a shekara 15 ta fara.

Kukan safiya yawanci daga tazar busasshen gashi yake. Ki mayar da aikin ranar Juma'a ko Asabar da babu makaranta. Ki wanke, ki sa kwandishana da yawa, ki raba kan gida huɗu ko shida, ki fara warware kowane gida da yatsu tun yana da danshi, sannan mataji ya biyo baya daga baki, hannunki ɗaya yana riƙe da tushen don kada ta ji ja. Ki shafa man kaɗanya ko man zaitun, ki yi mata manyan kalaba da za su kai mako. Abin da ta faɗa game da 'yan ajinsu kuma kada ki ɗauke shi wasa. Yarinyar da ta tashi a cikin masu gashi mai santsi tana bukatar ta ji daga bakin uwarta, tun tana zaune a gabanta ana kitso, cewa wannan cikar da take kanta kyau ce.

TAMBAYA: Anti, wani saƙon murya yana yawo a WhatsApp cewa rilaksa yana kawo cutar daji ta mahaifa. A mashgal ɗin da nake zuwa a Madina kuma an ce in koma yin burotin, wani gyaran miƙar da gashi, wai shi babu sinadari. Mene ne gaskiya?

AMSA: Maganar tana da asali, ƙanwata, sai dai an ƙara mata gishiri a hanya. A watan Oktoba na 2022 masu bincike na NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, suka fitar da sakamakon bibiyar mata 33,497 na tsawon kusan shekara 11, inda aka sami 378 da suka kamu da cutar dajin mahaifa. Sun ƙiyasta cewa a cikin matan da ba su taɓa amfani da mayukan miƙar da gashi ba, kashi 1.64 cikin 100 ne za su kamu kafin shekara 70, a cikin masu yawan amfani kuwa, wato fiye da sau huɗu a shekara, adadin ya kai kashi 4.05. Haɗarin ya ninka har da ɗoriya, amma har a cikin masu yawan shafawar, kusan 96 cikin 100 ba sa kamuwa. Binciken alaƙa ya nuna, bai tabbatar da cewa man ne sanadi kai tsaye ba, kuma bai tattara sunayen mayukan ko sinadaransu ba. A ganina wannan ya isa dalilin da mace za ta rage yawan shafawa, ta kuma guji ƙona fatar kai, domin fatar da ta ji rauni ta fi shigar da sinadari cikin jiki. Macen da ta ga jini bayan al'adarta ta ɗauke gaba ɗaya, ko jini a tsakanin al'ada da al'ada, ta ga likitar mata ba tare da jinkiri ba, ko tana sa rilaksa ko ba ta sa.

Gyaran da ake kira burotin da keratin da suka cika mashgal a ƙasar nan kuwa, cewa babu sinadari a cikinsu ba gaskiya ba ne. Da yawansu suna ɗauke da fomaldihaid, wanda ake adana gawa da shi, ko wani sinadari da yake sakinsa idan aka bi gashin da ƙarfen guga mai zafi. Shi ne hayaƙin nan da yake sa ido ya yi ja, maƙogwaro ya yi yaji, har ki ga mai aikin ta rufe hanci. Hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sanya shi cikin abubuwan da suke jawo cutar daji tun 2004, kuma mai aikin da take shaƙarsa kullum a rufaffen ɗaki ta fi kowa shiga haɗari. Wasu da aka rubuta musu cewa babu fomaldihaid suna da sinadarin gilayoksilik, wanda a 2024 wasu likitoci a Faransa suka ba da rahoton wata matashiya da ƙodarta ta sami matsala har sau uku, kowane karo bayan an yi mata wannan gyara. Ki nemi a nuna miki kwalbar da za a yi miki aiki da ita, ki tabbatar tana da rajistar Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya, ki kuma ƙi duk wani haɗin da aka juye a robar da babu rubutu. Mai ciki da mai shayarwa su nisance shi.

TAMBAYA: Yaya, ni na gaji, so nake in daina rilaksa ɗin baki ɗaya, amma ba na son in aske kaina. Yaya zan yi? Daga Riyad.

AMSA: Ba sai kin aske ba, ƙanwata. Wurin da za ki tsare shi ne mahaɗar sabon tsiro da tsohon gashi, domin a nan ne sili ya fi rauni, kuma a nan yake tsinkewa idan aka taje shi a bushe. Ki riƙa sa kwandishana mai nauyi duk mako kina barinsa minti 20 zuwa 30 a cikin hular leda, ki zauna cikin manyan kitso marasa ja, ki guji bin sabon tsiron da ƙarfen guga don ya yi daidai da tsohon. Duk wata biyu ki rage bakin da almakashi mai kaifi kamar santimita ɗaya ko biyu. A shekara guda za ki sami kusan santimita 12 na gashinki na asali, a lokacin sai ki duba ko za ki yanke ragowar a zama ɗaya ko ki ci gaba da ragewa. Jan lalle na gargajiya ba laifi, amma ki bi shi da mai don yana busarwa. Baƙin lalle da ake haɗawa da sinadarin rini na PPD kuwa ki bar shi, domin yana tayar wa wasu da kumburin fuska da ƙurajen fatar kai masu tsanani, kuma wadda jikinta ya taɓa ƙin sa sau ɗaya, ko da a lallen hannu ne, karo na biyu yakan fi muni.